Mita Ɗari Uku a Gonar Kawunka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana Nasiru. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokan zama na kirki. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

Ka kusa hawa mota a tashar Gusau ka tafi horon soja. Na san halina. Idan muka tsaya a bakin motar nan, ba abin da zai fito daga bakina sai "Allah Ya kiyaye hanya," in juya in tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Tun kana yaro kake tambayata labarin bindiga ina kawar da kai, har ka daina tambaya. Ka ɗauka wulaƙanci ne ko tsaurin soja, alhali kunya ce take hana ni. Yanzu da za a danƙa maka bindiga a hannu, ba ni da ikon ci gaba da yin shiru.

Maganar kan saiti ce, wato tazarar da mutum yake zaɓa ya daidaita bindigarsa a kai. Za su koya maka a can, kuma za su fi ni iya bayani. Ni abin da zan ba ka shi ne yadda na yi wasa da wannan abu, da wanda ya ɗauki nauyin wasan nawa.

Ka san na yi soja kafin a haife ka. A filin harbi ina cikin waɗanda ake nunawa. Ina son harbin nesa ƙwarai. Idan aka kafa allo can inda mutum yake komawa kamar tsinke, sauran suna ƙorafi, ni kuwa raina fari. Akwai wani sajan da ya koya mana, dattijo mai ƙaramar murya. Ya ce mana harsashi ba ya tafiya a miƙe yadda ido yake gani. Tun da ya bar bakin bindiga nauyinsa yake jan sa ƙasa. Don haka saiti yana ɗan ɗaga bakin bindigar, harsashi ya hau sama da layin ido, sannan ya sauko ya haɗu da inda ka auna a wata tazara guda, wadda kai ka zaɓa. Ya ɗauki dutse ya jefa wa wani soja da ke tsaye nesa, dutsen ya bi ta saman kawunanmu mu da ke tsakiya. Ya ce, "Kun gani? Na nesa na nufa, shi ya sa ku na tsakiya ya tsallake ku. Haka harsashi yake. Kafin ku taɓa saiti, ku tambayi kanku a ina za ku yi aiki."

Na ji maganar, na ma iya maimaita ta idan an tambaye ni. Amma a raina gani nake an yi ta ne don waɗanda ba su iya ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Nasiru, idan Allah Ya sa hannunka ya faɗa, aka fara yabonka, to a lokacin ne za ka ƙara buɗe kunne. Wanda bai iya ba yana saurare saboda tsoro. Ni yabo ne ya toshe mini kunne.

Da na bar soja na dawo gida Tsafe, na sami aikin gadin daji. A lokacin dajinmu bai lalace ba, mutum yana iya yini a gona tun daga Kucheri har bayan duwatsun Kwatarkwashi ba ya waiwaye. Damuwar manoma ita ce namun daji: birai masu fasa masara, kura mai ɗaukar awaki, da gadu mai tone dankali da gyaɗa. Idan ɓarna ta yi yawa sai a kai kuka ofis a Gusau, a turo ni. An ba ni doguwar bindiga tsohuwa, mai ƙarfi, da harsasai ƙidayayyu.

Ranar da na karɓe ta na tafi gindin wani dutse kusa da Kwatarkwashi, inda ba kowa a baya sai dutsen. Na kafa katako a mita ɗari uku, na daidaita saitin har harsashi ya riƙa faɗawa tsakiya. Me ya sa ɗari uku? Don ita ce tazarar da nake burge mutane da ita a bariki. Ban tambayi manomi ko ɗaya ba daga ina gadu yake ɓullowa, ko nawa ne tsakanin bukkar gona da bakin kurmi. Da na tambaya, da na ji cewa a gonakinmu da damina, dawa ta yi tsawo, ciyawa ta rufe ko'ina, da wuya ka hango dabba fiye da mita ɗari ko ɗari da hamsin. Na saita bindigar don fili irin na bariki, alhali aikina a cikin gona yake.

A soja ba kai za ka zaɓi tazarar ba, za a faɗa maka, kuma ka bi abin da aka faɗa. Amma ka tambayi dalili. Ka san don wane irin wuri aka zaɓe ta. Idan wata rana zaɓin ya dawo hannunka, ka fara duba ƙasar da za ka tsaya a kai da girman abin da za ka auna, sannan ka taɓa saiti.

Kuskure na biyu a wannan yinin na yi shi. Da na ga ta zauna a ɗari uku sai na naɗe kayana. Ban matso da katakon zuwa ɗari da hamsin ba, ban gwada a ɗari ba, ban gwada a hamsin ba. Na ce harsasai kaɗan ne, kada in ɓarnatar. Gaskiyar ita ce rana ta yi zafi, kuma na riga na gamsu da kaina. Harsashi uku ko huɗu kawai zan ƙara, da na ga da idona yadda take hawa sama a tsakiyar hanya. Ka riƙe wannan: sanin inda bindigarka take bugu a tazara ɗaya bai isa ba. Ka san inda take bugu kafin wurin da bayansa. Kuma kada ka murɗa saiti saboda harbi ɗaya. Ka yi uku ko fiye, ka duba inda suka taru, don ɗaya yana iya zama rawar hannunka ce.

Allah bai bar ni haka ba, Ya nuna mini alama. Bayan 'yan makonni aka kira ni Kwatarkwashi, birai sun addabi wata gonar masara. Kawunka Mamman ya raka ni. Kai ka san shi a matsayin yayan Innarka mai ɗingishi, wanda ba ya son yawan magana. A lokacin ba haka yake ba. Abokina ne tun kafin in san ƙanwarsa, shi ya ma kai ni gidansu a Bungudu. Dogo ne, mai dariya, yana noma gona biyu shi kaɗai, ga kokawa idan an yi girbi. "Soja" yake kirana, ban taɓa jin ya ce Garba ba.

Babban birin yana zaune kan dutse, bai fi mita ɗari da 'yan kai ba. Na auna ƙirjinsa na danna kunamar bindigar. Ƙura ta tashi a jikin dutsen sama da kansa, ya yi tsalle ya ɓace. Mamman ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, "Soja, yau kuma dutse aka turo ka kashewa?"

Na ce, "Iska ce."

Ya ɗaga hannu sama yana lalube. Ya ce, "Wace iska? Ko ganye ba ya motsi."

Na ce, "To harsashin ne, tsoho ne. Ka san kayan ofis."

Na ga inda ƙurar ta tashi, Nasiru. Sama ta tashi, a miƙe, ba dama ba hagu. Iska gefe take kai harsashi, ba sama ba, kuma na san haka. Amma dariyar Mamman ta yi mini zafi, sai na ɗora laifin kan abin da ba zai iya musu ba. Na koma gida na jingine bindigar ban sake gwada ta ba. Wannan shi ne na uku. Duk ranar da ka yi kuskuren harbi, kafin ka zargi iska ko harsashi ko wanda ya ba ka bindigar, ka koma gaban allo ka gwada. Idan an yi maka dariya, ka bari a yi. Dariyar yini ɗaya ce.

Sai damina ta yi nisa. Gadu ya shiga gonar Mamman ta bakin fadama a Bungudu, yana tone masa dankali. Ka san gadu, alade ne na daji, gajere mai faɗin kai, da haure biyu masu lanƙwasa. Ba ya neman mutum da faɗa, gudu yake yi. Amma idan ya ji rauni aka matsa masa, ba ya ja da baya.

Mamman ya zo har Tsafe da kansa. Ya ce, "Soja, ka zo ka raba ni da wannan abu, ya cinye mini rabin kunyoyin dankalina." Innarka tana da cikinka a lokacin. Ta dafa mana tuwo, suka yi ta tsokanar juna ita da yayanta, muka tafi.

Da safe bayan rana ta fito muka zauna a gindin wata ɗorawa. Can sai ga shi ya fito daga cikin dawar maƙwabci ya shiga dankalin, namiji, babba. Tsakaninmu kamar mita ɗari da hamsin. Ya tsaya ya ba ni gefe, ya durƙusa yana tono. Ba a samun dama da ta fi wannan. Na auna bayan kafaɗarsa, inda zuciya da huhu suke, na danna.

Ya yi ƙara ya faɗi, ya tashi, ya ruga cikin dawa. A daidai lokacin da ya faɗi na ga gashi ya tashi a saman gadon bayansa. Na gani sarai. Harsashin ya hau sama, ya yanke shi a tudun baya, bai taɓa inda zai kashe shi ba.

Mamman ya miƙe yana murna. Ya ce, "Ka same shi?"

Na ce, "Na same shi."

"A ina?"

Na ce, "A kafaɗa. Ba zai yi nisa ba, yana ciki ya mutu."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a rayuwata. Ban shirya ta ba, fitowa kawai ta yi, saboda ba na son a sake yi mini dariyar Kwatarkwashi. Na ce a raina bari in sa wani harsashi in shiga gaba, in ƙarasa shi kafin Mamman ya ga inda raunin yake. Amma shi da ya ji "ya mutu", bai jira ni ba. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba da sauri, yana cewa bari ya ga ɓarawon dankalinsa. Na buɗe baki in ce ya tsaya. Kafin in yanke shawarar yadda zan faɗa ba tare da na ƙaryata kaina ba, ya shige cikin dawar.

Ihunsa na ji. Da na isa, yana ƙasa, gadun ya sa haure ya farke masa ƙafa tun daga bayan gwiwa har ƙwauri, yana ja da baya zai sake kawowa. Na harbe shi a nan kusa, ya faɗi. Na cire rawanina na ɗaure ƙafar. Manoman da ke kusa suka taho da gudu, muka ɗauke shi zuwa bakin titi, muka sami motar da ta kai mu asibiti a Gusau. A cikin motar kansa yana kan cinyata, yana ta salati, can ya buɗe ido ya ce, "Soja, ashe bai mutu ba." Na ce, "Yi shiru, mun kusa."

An ceci ƙafar, amma jijiyar ta tafi. Bai sake kokawa ba. Gona ɗaya ya sayar don ba ya iya noma biyu. Mutane suka ce ƙaddara ce, gadu mugun abu ne, ko an same shi a zuciya yana iya tashi. Na bar su a haka. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, amma na san ta hannun wa ta biyo.

To ka ji na huɗu. Idan ka yi harbi, ka faɗi abin da ka gani, ko da zai zubar da kai a gaban abokanka. "Ban tabbata ba" magana ce ta namiji. Akwai wanda zai taka ƙafarsa ya shiga wuri saboda abin da ka ce. A aikin da za ka shiga, wannan mutumin abokin aikinka ne, yana da uwa a gida kamar taka.

Bayan an sallami Mamman na koma gindin dutsen nan ni kaɗai. Na kafa katako a ɗari da hamsin, na auna tsakiya, na yi harbi uku. Duka ukun suka taru wuri ɗaya, sama da inda na auna da kusan tsawon tafin hannu. Na zauna a ƙasa ina kallon ramukan nan. Bindigar ba ta da laifi, hannuna bai yi rawa ba. Abin da na umarce ta shi ta yi. A ranar na sauko da saitin zuwa mita ɗari, na gwada kusa, na gwada gaba kaɗan, na ga a duk tazarar da nake aiki ba ta kauce wa inda na auna fiye da 'yan yatsu. Aikin bai ɗauke ni daga hantsi zuwa azahar ba. Abin da na kasa yi ke nan tun farko.

Na yi shekaru a aikin bayan haka, ban sake raunata dabba na bar ta ba. Na kuma koyi sake gwada saiti duk lokacin da bindigar ta bugu. Akwai ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Kucheri, na duba ta a ido lafiya lau, amma da na gwada sai na tarar ta karkata hagu. Kai ma haka za ka yi: in ta faɗi, in an canza maka irin harsashi, in an ba ka ta wani, kada ka yarda da ita sai ka gwada. Yadda wani yake ɗora kunci ya leƙa saiti ba haka kai kake yi ba.

Akwai abin da ya fi damuna game da kai. Ni dabbobi na harba, a daji, bayansu dutse ko kurmi. Kai ka san halin da ƙasarmu take ciki, ka san inda za a iya tura ka. Harsashin da ya tsallake abin da ka auna ba ya ɓacewa a iska, yana sauka a wani wuri. Bayan inda kake kallo akwai ƙauye, akwai mace a bakin rijiya, akwai mai kiwo da ba ruwansa. Ka san bindigarka sosai saboda su. Idan ba ka ga abin da ke baya ba, ko ba ka tabbatar da wanda ke gabanka ba, ka ɗauke yatsanka daga kunama. Za ka tsaya gaban Allah da kowane harsashi da ya fita ta hannunka.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda ya fi kowanne daɗewa. Ban gaya wa Mamman gaskiya ba. Na riƙa kai masa hatsi da kaka, na riƙa biyan mai yi masa huɗa, amma na daina zama da shi. Idan mun je Bungudu da Innarka, sai in gaisa a tsaye in ce ina da uzuri a kasuwa. Ba na iya kallon yadda yake jan ƙafar nan. Shi ma a hankali ya daina ce mini Soja, ya koma "Malam Garba", kamar baƙo. Innarka ta sha tambayata me ya shiga tsakaninmu, in ce ba komai, girma ne.

Da takardar ɗaukarka ta fito, na kasa sukuni. Na ga ba zan iya yi maka wa'azin gaskiya ba alhali ni ina zaune kan ƙarya. Ranar Juma'ar da ta wuce na hau mota na tafi Bungudu. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar yana gyaran igiyar akuya. Na zauna a tabarmarsa, abin da na daɗe ban yi ba. Na faɗa masa duka, tun daga katakon ɗari uku har zuwa "a kafaɗa".

Bai ɗago ba har na gama. Sannan ya ce, "Waɗanda suka ja mushen suka binne sun zo duba ni a asibiti. Sun ce rauni biyu suka gani, ɗaya a kai, ɗaya a tudun baya. Babu komai a kafaɗa."

Na ce, "Tun lokacin ka sani?"

Ya ce, "Tun lokacin."

"Me ya hana ka yi mini magana?"

Ya ce, "Ƙanwata tana ɗakinka da tsohon ciki. In ce me? Na yi zaton za ka zo da kanka in mun kwana biyu." Ya ja igiyar ya ɗaure. Ya ce, "Ƙafar nan na daɗe da yafe ta, Garba. Ni ma da gaggawata, wa ya ce in shiga dawa da sanda? Abin da ya yi mini ciwo shi ne ka bar ni ni kaɗai a ƙofar gidan nan shekara da shekaru. Na rasa ƙafa, sannan na rasa wanda zan yi hira da shi."

Muka zauna har aka kira magariba, na riƙe masa buta ya yi alwala, muka tafi masallaci a hankali, da irin tafiyarsa. Ya yafe mini, na gode wa Allah. Amma mu biyun yanzu tsofaffi ne, shekarun da za mu yi dariya tare sun wuce, kuma ba mai dawo mana da su.

Don haka idan ka cuci wani, da gangan ko da kuskure, ka je masa da wuri, tun abin yana ɗanye. Kada ka aika hatsi a madadin kanka.

Na gaya wa Innarka ita ma. Ta yi kuka, washegari ta ce in rubuta maka, kada in rage komai. Ban rage ba.

Kafin ka tafi ka biya ta Bungudu ka yi wa kawunka sallama. Ka zauna, kada ka gaisa a tsaye. Ya ce yana da abin da zai ba ka, ban tambaye shi ko mene ne ba.

Ka riƙe salla a kan lokacinta duk inda aka kai ka. Ka riƙa kiran Innarka ko da gaisuwa ce kawai. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin masu sharri, Ya kare bayinSa daga kuskuren hannunka. Allah Ya sa ka gama lafiya, ka dawo mana da ƙafafunka, kai da duk waɗanda za ku tafi tare. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba, Tsafe.